In Abokinka Zai Zauna Jarrabawar Kimiyya

Duk shekara 'yan aji uku na ƙaramar sakandare daga Karaye da Rogo suna zama jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jihar Kano, irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977. Masu nema da yawa, gurbi kaɗan.

Kai da ka riga abokinka wucewa, kuskurenka ɗaya ne: ka karɓe biro ka warware masa lissafi, shi yana ta gyaɗa kai. Wallahi bai gane ba, kunya ce ta hana shi faɗa.

Miƙa masa biron. Ya yi, ya ɓata, ya gaya maka da bakinsa inda ya kauce. Ku nemi tsofaffin takardun tambayoyi wurin malamansa, ka ajiye agogo a gabansa, don lokaci ya fi wuyar tambaya kayar da yara. Turanci kuwa, ya karanta shafi guda kullum ya bayyana maka shi da Hausa.

In aikin gona ko kasuwa na cinye masa yini, je ka roƙi babansa cikin ladabi ya bar masa awa guda bayan La'asar.

Daren jarrabawa kada ku buɗe littafi. Ya haɗa fensir da katin shaida, ya kwanta da wuri.