TABKIN ƊAN DUTSI: GIDAN TSUNTSAYE, ARZIKIN TALAKA

Yamma da Tajaye da Illela, a cikin jihar Tawa, akwai wani babban tabki. Sunansa Ɗan Dutsi. A da, ƙaramin tabki ne mai ƙafewa da rani. Damanar 1974 ce ta cika shi, ya zama babban ruwa. Arewa maso gabas da Tawa kuma, bisa hanyar Agadas, akwai tabkin Tabalak.

Ruwa da itace

Idan damana ta faɗi, ƙoramu suna zubo ruwa a cikin tabki. Ruwa ya hau, ya shiga cikin itatuwan baki. Sai a ga bagaruwa tsaye cikin ruwa. Gero ba ya jure haka, amma bagaruwa tana yin watanni ba ta mutu ba. Saiwarta tana riƙe ƙasa. Ƙananan kifaye suna ɓuya a gindinta. Tsuntsaye suna kwana bisa rassanta. Majema kuma suna jima da ƴaƴanta. Idan rani ya yi, ruwa ya ja baya, manoma su bi lema su shuka rogo da dankali da albasa.

Baƙin tabki

Wanda ya shiga jirgin masunta da sassafe zai ga tsuntsaye iri-iri. Akwai ƴan gida: balbela, zalɓe, kirinjijiya da ɗinya. Akwai kuma baƙi. Wasu agwagin ruwa a Turai suke yin ƙwai. Idan sanyi ya kama can, ruwa ya daskare, abinci ya yi wuya, sai su taso. Suna ƙetare teku, su ƙetare Sahara, tafiyar dubban kilomita. Suna isowa bayan damana, wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Tabkuna irin Ɗan Dutsi da Tabalak su ne masaukinsu bayan hamada.

Shamuwa ita daban ce. Daga kudu take zuwa, gabanin ruwan shuka. Manomi ya san ta sarai. Ita da balbela suna cin fara da tsutsa, suna rage ma gona ɓarna. Kashin tsuntsaye kuma taki ne ga ruwa. Yana haɓaka ƴan tsirrai da ƙwarin da kifi yake ci.

Alkawarin duniya

A 1971, ƙasashe suka taru a garin Ramsar na ƙasar Iran. Suka ɗauki alkawarin kiyaye tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga alkawarin a 1987. A 2005 aka sa Ɗan Dutsi da Tabalak cikin jerin wuraren da duniya ta san darajarsu. Akwai kuma dokar farauta ta 1998. Ba a harbi sai da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji.

Ladabin shiga jirgi

1. A fara gaida maigari da shugaban masunta, a nemi izini.
2. A shiga da matuƙi wanda ya san ruwan, domin akwai kututture a ƙarƙashi.
3. Kada a cika ma jirgi kaya. Kowa ya zauna, ba a tsayawa.
4. Idan hadari ya taso ko iska ta yi ƙarfi, a koma baki.
5. A yi shiru. Tsuntsun da ake kora kullum yana ƙaura.
6. Kada a ɗauki ƙwai, kada a taɓa sheƙa.
7. Kada a sha ruwan sai an tafasa. Yara su bar wanka a ciki, domin nan ake ɗaukar ciwon fitsarin jini.

Abin da ke kashe tabki

Babban maƙiyin tabki shi ne yashi. Idan aka sare itatuwan tudu, ruwan sama yana kwaso ƙasa ya zuba a ciki. Kowace shekara zurfi yana raguwa. Tabkin da ba shi da zurfi, rana tana shanye shi da wuri. Na biyu shi ne kamun kifi da gidan sauro. Yana kwashe ƙananan da za su girma baɗi. Na uku, wanke gwangwanin maganin ƙwari a cikin ruwa.

Idan tabki ya mutu, tsuntsu yana da fiffike, zai nemi wani wuri. Masunci da makiyayi da mai garka su ne za su rasa. Magani yana hannun gari: jera duwatsu a gonakin tudu, barin tsiron itace a gona, da dasa bagaruwa a bakin ruwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa agwagin Turai suke zuwa Nijar?
2. Wane amfani bagaruwa take yi ma tabki?
3. Daga 1987 zuwa 2005, shekara nawa ke nan?
4. Wane tabki ko fadama ke kusa da garinku? Me ke cika shi da yashi? Ku tattauna da malaminku.