Darasi: Baƙon da ya zauna a cikinmu

Karanta Littafin Rut, sura 2, da Littafin Firistoci 19:33-34.

Rut mutuniyar Mowab ce. Ta zo Baitalami ba gona, ba miji, ta shiga kala a gonar Bo'aza. Ku lura, Bo'aza bai tsaya ga sadaka ba. Ya bar ta ta yi aiki, ya kuma hana samarinsa su dame ta.

Gurbin Bore ba shi da nisa da iyakar Nijar, saboda haka baƙi ba sabon abu ba ne a nan. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, ya koro Buzaye da manoma da yawa zuwa arewacin Nijeriya. Waɗansu sun koma, waɗansu sun zauna, suna haƙa rijiya, suna kiwo, suna dakon hatsi da raƙuma zuwa kasuwanni irin na Shinkafi da Ƙaura Namoda.

Baƙo yakan zo da ilimi ma. Tun wajen 1983 manoman yankin Maraɗi suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sare kowane toho na kalgo da sabara lokacin sharar gona, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran. Cikin 'yan shekaru sai ga itace, da inuwa, da ganyen da ke gyara ƙasa, ba a sayi dashe ko ɗaya ba. Wataƙila mutumin da kake biya ya yi maka noma ya san wannan, ba ka taɓa tambayarsa ba ne.

Yanzu tsoron 'yan bindiga ya sa ana yi wa kowane baƙo kallon ɗan leƙen asiri. Tsoron yana da dalili, kuma daidai ne mai unguwa ya san wanda ya sauka. Amma a 2019 mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina ne suka gudu zuwa yankin Maraɗi, dubbai, ƙauyukan can suka karɓe su.

Don tattaunawa:
Baƙi nawa ne a ƙauyenku, wace sana'a kowannensu ya iya? In an ba baƙo aron gona, wa ke shaida, don kada a ƙwace ta bayan ya zuba taki? 'Ya'yansu suna zuwa makaranta?