Kunna Na'ura a Ɗakin Gwaji na Rubutu

A wasannin kwamfuta na rubutu zalla, ɗan wasa yakan haɗa sinadarai tsaf, amma gwajin ya ƙi tafiya, don kawai bai kunna murhu ba. Manhaja ba ta karanta zuciyar kowa, sai an rubuta mata umarni.

Dalilin yana cikin gininta. A Inform 7, manhajar rubuta irin waɗannan wasanni wadda Graham Nelson ya fitar a 2006, na'ura takan fara ne a kashe, sai in marubucin wasan ya sauya. Shi ya sa gwani yake duba ta, ya kunna, kafin ya zuba kayan gwaji.

Kashewa ma tana da lokacinta. Fitilar wasan Zork tana cin batir da kowane umarni muddin tana kunne, kuma in ta mutu a cikin kogo, dodon duhu ya samu nama.