Ciwon Ƙofofin Zuciya: Abin Da Ke Kawo Shi, Alamominsa Da Yadda Ake Gano Shi

Mene ne wannan ciwo?

Zuciya tana da ƙofofi 4 masu buɗewa da rufewa domin jini ya bi hanya ɗaya. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini suka maƙale a wata ƙofa, sukan taru su yi curi, su cinye ta har ta kasa rufuwa. Likitoci na kiran ciwon endokaditis. Idan ba a yi magani ba, yana kisa.

Me ke kawo shi?

Galibi bakteriya ne daga ruɓaɓɓen haƙori, dasashi mai jini, gyambo ko allura marar tsabta. Haɗarin ya fi yawa idan:

• an taɓa sauya muku ƙofar zuciya ko sanya muku na'urar daidaita bugunta;
• ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata ƙofar, abin da ya yawaita a ƙasashen Afirka;
• an haife ku da lahani a zuciya;
• ana yi muku wankin ƙoda, ko kuna tsira ƙwaya ta jijiya.

Alamomi

Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, kasala, rama, haki, kumburin ƙafafu, jajayen ɗigo a fata ko jan layi a ƙarƙashin farce. Wani lokaci curin yakan ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ko na dengi ba. Kada ku sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jininku, domin yakan ɓoye ƙwayar, gwaji ya kasa nuna ta.

Yadda ake gano shi

Likita zai saurari zuciyarku. Za a ɗebi jini sau 3 a kai ɗakin gwaji domin a ga ƙwayar da za ta tsiro. Sakamako yakan ɗauki 'yan kwanaki. Za a kuma ɗauki hoton zuciya na eko ta ƙirji, ko da siririn bututu ta maƙoshi. Ana auna sakamakon da ƙa'idar Duke ta 1994, wadda aka sabunta a 2023. Magani yakan kai mako 4 zuwa 6, ta jijiya.

Idan kuna cikin masu haɗari kuma zazzaɓi ya ƙi sauka, ku garzaya sashen gaggawa na Asibitin Canselor Tuanku Muhriz, Bandar Tun Razak, Cheras. Idan numfashi ya yi wuya ko magana ta sarƙe, ku kira 999.