DARASI: YADDA ZA MU AJIYE TAMFOL DA SANDUNAN RUMFA, DA YADDA ZA MU ƊAUKE SU

Bayan girbin bara mun ziyarci wata ƙungiyar mata a yankin Sakaba. Sun tara kuɗin adashi sun sayi rumfar taro, wato tamfol biyu da sandunan ƙarfe. Suna ba da ita haya lokacin biki ko zaman makoki, kuɗin kuma yana shiga asusun rance na ƙungiya. Da aka fito mana da kayan, sai muka ga tamfol ɗaya ya yi fumfuna ya manne, ɓeraye sun huda ɗayan, sanduna uku kuma sun lanƙwashe. Ko sau goma ba a kafa rumfar ba. A ɗakin ajiya da kan hanya ta lalace.

Wannan hasara ce babba, domin tamfol yana da amfani da yawa a wurinmu. A kansa muke shanya masara da gyaɗa don kada su taɓa ƙasa, da shi muke rufe buhuna. Iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a ƙasar Zuru ma, sau da yawa tamfol ne rufinsu na farko. Irin wanda ƙungiyoyin agaji suke rabawa yakan zama mita 4 da mita 5, ko mita 4 da mita 6.

Abokan gaban kayanmu

Su biyar ne: laima, rana, ɓera, gara da tsatsa. Laima takan kawo fumfuna. Rana takan cinye robar tamfol a hankali har ya riƙa yagewa kamar takarda. Ɓera yakan yi sheƙa a ciki. Gara takan ci sandunan itace da na gora. Tsatsa kuwa takan ci ƙarfe, musamman gindinsa da ke shiga ƙasa.

Kafin mu ajiye

1. Mu share tamfol, mu wanke shi, mu bar shi ya bushe ciki da baya. Kada a naɗe shi da laima ko da ta raɓa ce. Daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin damina, wannan ita ce doka ta fari.
2. Mu yi facin ƙaramin huji nan da nan, tun bai yi girma ba.
3. Mu naɗe shi kamar tabarma, mu ɗaure, mu rataye shi ko mu ɗora a kan katako. Kada ya kwanta a ƙasa ko ya jingina da buhun hatsi.
4. Mu kwantar da dogayen sanduna a kan matokara uku: farko, tsakiya da ƙarshe. In an jingina su da bango na tsawon watanni sukan lanƙwashe.
5. Mu goge ƙasar da ke gindin ƙarfe, mu shafa masa fenti ko giris.
6. Notuna, turaku da igiyoyi su shiga buhu ɗaya, a rubuta yawansu a jikinsa.
7. Tamfol ɗin da aka rufe taki ko maganin feshi da shi, kada a shanya abinci a kansa. Mu yi masa alama da fenti.

Wajen lodi

Ko amalanke ce, ko tirelar tarakta, ko a-kori-kura, tsarin ɗaya ne. Sanduna su fara shiga, a kwance, a ɗaure su dami ɗaya. Mu sa tsohon buhu ko guntun taya a inda suke taɓa ƙarfen abin hawa. A ɗaure damin aƙalla wuri biyu, gaba da baya. Tamfol ya zo a sama, cikin buhu, nesa da bakin ƙarfe mai kaifi. Kada mu shimfiɗa shi a ƙasan kaya, domin gogayya ta 'yan kilomita ta isa ta huda shi.

Mu lura da nauyi. Yawancinsa ya zauna a saitin tayoyi, ya ɗan rinjaya gaba. In ya yi yawa a baya, tirela takan yi lilo a hanya, amalanke kuma takan ɗaga karkiya ta shaƙe shanu. In ya yi yawa a gaba, wuyan shanu ne zai sha wahala.

Bututun ƙarfe yakan kai mita 6, ya fi amalanke tsawo. Mu ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen abin da ya leƙo baya, domin mai babur ya gani. Kada kowa ya zauna a kan damin. Kada kuma a ɗaga sandar ƙarfe tsaye kusa da wayar lantarki; mutum biyu su ɗauke ta a kwance. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kan hanya

Hanyoyin ƙauyukanmu, kamar daga Dirin Daji zuwa Makuku ko Dankolo, suna da gargada. Igiya takan saki. Mu tsaya bayan ɗan tafiya mu sake ɗaurewa, haka kuma bayan ƙetare kowane rafi. Mu shirya tafiya da wuri domin mu isa kafin duhu.

Idan zoben bakin tamfol ya tsinke a wurin taro, kada mu huda sabon rami. Mu sa ƙaramin dutse mai santsi a cikin tamfol, mu naɗe shi, mu ɗaure igiya a wuyansa. Zai riƙe ƙam.

Wa ke riƙe da kaya?

Kayan da kowa ke da shi, sau da yawa ba wanda ke dubansa. Ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya, ta ba shi littafi. Ya rubuta wanda ya karɓa, da ranar, da yawan sanduna. A ƙirga wajen fita, a ƙirga wajen dawowa. A kuma ware wani abu daga kuɗin haya domin gyara.

Matan nan da muka ziyarta sun yi haka. Sun miƙar da sandunan a wurin mai walda, sun yi facin tamfol ɗaya, suna tara kuɗin sabo.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ina tamfol ɗin ƙungiyarmu yake a yau? Wa ya gan shi a wannan wata?
2. In mai haya ya dawo da kaya a lalace, me muka amince za a yi?
3. Wane iyali ne a cikinmu yake bukatar aron tamfol kafin ruwan sama ya sauka?