Darasi na 14: Yadda Ake Duba Jadawalin Tarihin Rayuwa

Sau da yawa za ka ga an manna fosta a bangon aji, ɗauke da hoton wani shahararren mutum da dogon layi mai shekaru a jere. Wannan shi ake kira jadawalin tarihin rayuwa. Aikinsa shi ne ya nuna maka rayuwar mutum a kallo ɗaya. Amma jadawali yana iya ruɗa mai karatu ko da shekarun da ke cikinsa daidai ne. Bari mu gwada da rayuwar Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa.

An haife shi a ƙasar Bauchi a shekarar 1912. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya kama aikin koyarwa. A 1945 ya tafi Landan ƙaro ilimi. Ya zama Firayim Minista a 1957. Nijeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, aka kuma kashe shi a juyin mulkin watan Janairu na 1966.

Fara duba tazarar da ke tsakanin shekarun. Daga 1912 zuwa 1966 shekara 54 ke nan. Idan tsawon layin santimita 54 ne, kowace shekara ta sami santimita ɗaya. Daga haihuwarsa zuwa gama kwaleji zai ci santimita 21, daga 1957 zuwa 1960 kuwa santimita 3 kacal. Masu zane da yawa sukan raba layin daidai wa daida don ya yi kyan gani. Sai mai kallo ya ɗauka shekara 3 da shekara 21 tsawonsu ɗaya. Wannan kuskure ya fi kowanne muni, domin ido yakan riga hankali yanke hukunci. Jadawali mai ma'auni na gaskiya shi zai nuna maka cewa daga gama kwaleji zuwa zama Firayim Minista shekara 24 ne, alhali bai kai shekara 9 a kan kujerar ba.

Sai ka lura da abin da aka fi girmamawa. Idan an rubuta 1960 da manyan lambobi, aka ƙanƙanta 1957, ɗalibi zai zaci ranar 'yancin kai ya hau mulki. A jarrabawa wannan asarar maki ce.

Launi ma abin dubawa ne. Kore da fari sun dace da tutar ƙasa, amma baƙin rubutu a kan kore mai duhu ba ya karantuwa daga kujerar baya. Tashi ka koma ƙarshen aji ka gwada.

Kada ka manta da haruffa masu lanƙwasa. Sunan Ɓalewa da Ɓ ake rubuta shi a Hausa. Fostar da ta sa B ta yi kuskuren rubutu. (Da a ce da ajami aka rubuta jadawalin, da layin ya faro daga dama ya nufi hagu.)

Aiki: Ɗauki rula da fensir, ka ja layi mai santimita 27 a littafinka. Kowace santimita ta tsaya a madadin shekara 2. Sanya shekaru shidan da ke sama a wurarensu, sannan ka rubuta jimla ɗaya ta Hausa a ƙarƙashin kowace.