DARASIN LAFIYA: RAUNIN DA DANNA ƘIRJI KAN JAWO WAJEN CETON RAI

'Yan'uwa, a watan Afrilu na shekarar 2022 kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari, mutum 29 daga ƙauyen Gidan Magana suka rasu, yawancinsu yara. A watan Mayu na 2023 kuma yara aƙalla 15 na ƙauyen Dandeji suka nutse a hanyarsu ta zuwa ɗebo itace. A irin wannan rana, wanda ke kusa da wanda aka tsamo daga ruwa ba likita ba ne. Masunci ne, ko manomi, ko ɗaya daga cikinmu. Haka abin yake in mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Bodinga. Kafin a kai shi asibiti a Sakkwato lokaci ya ƙure, gama ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 in jini ya daina kai mata iska.

Da yawa daga cikinmu sukan ja da baya, su ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kada su karya wa mutum haƙarƙari a ɗora musu laifi. Wannan tsoro yana da tushe, saboda haka bari mu dube shi da kyau.

Me ya sa ake samun rauni?

Zuciya tana kwance tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya. In ta tsaya, sai a matsa ta daga waje domin jini ya ci gaba da zagayawa. Masana uku na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wato Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, su ne suka bayyana wannan hanya a 1960. Ga babban mutum, ana danna ƙirji ya shiga santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Ƙashin da aka yi wa haka ba dole ne ya jure ba.

Irin raunin da ake gani

1. Karayar haƙarƙari. Ita ce ta fi yawa. Aƙalla mutum ɗaya cikin manya uku da aka danna wa ƙirji yakan same ta.
2. Karayar ƙashin tsakiyar ƙirji, ga misalin mutum ɗaya cikin biyar.
3. Raunin huhu, inda iska ko jini kan taru a kewayensa su hana shi buɗewa.
4. Tsagewar hanta ko saifa. Ba ta cika faruwa ba, amma tana da haɗari domin jini yakan zuba a ciki ba a sani ba.
5. Kumburin tumbi, in an hura iska da ƙarfi fiye da kima. Daga nan sai amai ya taso, ya bi hanyar numfashi.

Wa ya fi shiga haɗari?

Na farko, tsofaffi. Ƙashinsu ya yi rauni, guringuntsin da ke haɗa haƙarƙari da ƙirji kuma ya sandare. Mata masu shekaru sun fi samun karayar ƙashin ƙirji, gama ƙashin mace yakan rage ƙarfi bayan ta daina al'ada. Yara kuwa ƙirjinsu yana da taushi, da wuya haƙarƙarinsu ya karye.

Na biyu, daɗewa ana dannawa. Gwargwadon tsawon lokacin, gwargwadon raunin.

Na uku, wuce ƙa'ida. Wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan, aka buga a 2013, ya nuna cewa inda aka danna santimita 5 zuwa 6, kashi 27 cikin 100 suka sami rauni, amma inda aka wuce santimita 6 sai adadin ya kai kashi 49.

Na huɗu, sa hannu inda bai kamata ba. In hannu ya sauka kan ƙahon zuciya, hanta ce ke ƙarƙashinsa. Mafi muni shi ne al'adarmu ta danna cikin wanda ya nutse ko juya shi kai ƙasa wai ruwa ya fita. Abin da ke fitowa daga tumbi ne, yana iya shaƙe shi, ga kuma ɓata lokaci.

Yadda za mu rage raunin

Mu kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri. Mu ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisa, gwiwar hannu a miƙe. Bayan kowace danna mu bar ƙirjin ya taso. Bayan danna 30 sai hura iska sau 2 a hankali, daidai yadda ƙirji zai ɗaga. Wanda ya nutse iska ya fi bukata, don haka kada a bar hura masa numfashi. Ga yaro, a danna sulusin kaurin ƙirjinsa. Ga jariri, da yatsu. A riƙa karɓar juna bayan minti 2. In mun ji ƙashi ya yi ƙara, mu gyara zaman hannu, mu ci gaba.

In kuwa ashe zuciyar ba ta tsaya ba fa? A wani bincike na Amurka na 2010, cikin irin waɗannan mutane kashi 2 cikin 100 ne kawai suka sami karaya, ba wanda kayan cikinsa suka taɓu.

Wanda ya farfaɗo, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, a kuma faɗa wa likita an danna masa ƙirji da tsawon lokacin da aka ɗauka. Kada a ɗaure masa ƙirji tam da zane, gama hakan yana hana numfashi sosai. Haƙarƙari yakan haɗe cikin mako 6 ko makamancin haka. Karaya tana ɗoruwa, 'yan'uwa, amma rai in ya fita ba maɗorin da zai mayar da shi.

Domin tattaunawa

1. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa koyon wannan aiki da hannunsu?
2. Wace ma'aikaciyar jinya ko malamin asibiti za mu gayyata ya koya mana kafin damina?
3. In ɗanmu aka ceto da karayar haƙarƙari, me za mu ce wa wanda ya cece shi?